Wa ya taɓa zuwa fili ya ga darasinka?

Malamin PHE (darasin motsa jiki da kiwon lafiya), ƙaramar sakandare, Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya aka raba mana fom ɗin APER, wato takardar auna ƙwazon ma'aikaci ta shekara-shekara. Na cike nawa na kai ofis, shugaban makaranta ya ɗauki biro ya ba ni maki a kan iya koyarwa. Shekarata 6 a makarantar nan, bai taɓa takowa fili ya tsaya ko na minti goma ba. Littafin shirin darasi ya duba, da rajistar zuwa aiki. Makin ba laifi, amma raina ya sosu, domin da wannan takarda ake duba ƙarin girma, kuma wanda ya cike ta bai san yadda nake da yara ba. Ku a wurarenku yaya abin yake?

Malama, makarantar 'yan mata, cikin birni

Wa alaikumus salam Malam. Kai har kana da filin. Namu an gina ajujuwa a kai, sai ɗan tsakar gida ya rage. Shugabarmu tana ji da ni ƙwarai, amma a matsayin nas: yarinya ta suma a asambuli, a kira ni, ciwon mara, a kira ni, akwatin taimakon gaggawa ma a hannuna yake. Ban raina wannan ba, aikina ne. Ranar da na fitar da 'yan aji biyu muna tsallen igiya da gaɗa, ina nuna musu yadda za su ƙirga bugun jini a wuyan hannu kafin tsalle da bayansa, sai aka aiko mini cewa hayaniya ta yi yawa, in mayar da su aji in rubuta musu a allo.

Tsohon firinsifal, mai ritaya

'Ya'yana, ku bari in faɗi namu ɓangaren. Idan masu duba makarantu suka zo daga ma'aikata, takardu suke tambaya, sai sakamakon BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare) da WAEC da NECO, musamman Turanci da Lissafi. Da abin da ake auna shugaba, da shi yake auna na ƙasa da shi. Da aka cusa PHE cikin darasin Basic Science and Technology a 2014, sai makin darasinku ya narke cikin na wasu, shugaba ya daina ganin sa shi kaɗai. Sannan, a yi mini afuwa, na yi aiki da malaman da ke jefa wa yara ƙwallo su koma gindin darbejiya. Irinsu ne suka shafa muku kashin kaji.

Amma akwai laifina. Sau ɗaya na je na tsaya, malamin yana koya musu miƙa sanda a gudun ba-ni-in-ba-ka. Na ga tsari, na ga yara sun nutsu, sai dai ban san me zan duba ba. Ni malamin Tarihi ne, ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake auna darasin fili. Kunya ta hana ni komawa.

Malami, makarantar kuɗi, Tarauni

Baba, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar. Ni darajata tana tashi ne idan gasar gida-gida ta matso. Mako biyu ana nemana: fareti, riguna, zanen layuka da farar ƙasa, saboda iyaye za su zo kallo. Ana kammalawa sai a mayar da ni bakin ƙofa da bulala in tare makararru. Na ce ba zan riƙe bulala ba, aka rubuta cewa ba ni da haɗin kai. Darasina kuma bayan ƙarfe 12 aka sa shi, har a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Wane uba zai yarda a sa ɗansa gudu a wannan ranar?

Malamin firamare, Kumbotso

Ni kam alhamdu lillahi. Hedimastanmu PHE ya karanta a BUK, kuma yana zuwa fili kowane zango. Ba ya tambayar kofi nawa muka ci. Yana ƙirga yaran da ke motsi da waɗanda ke tsaye a layi suna jira, yana duba ko an kawo ruwan sha, yana lura da yaron da kullum ake bari a baya wajen zaɓen 'yan wasa. Ya taɓa rage mini maki saboda ƙwallo ɗaya na ba yara sama da 70, rabinsu ba su taɓa ta ba har aka kaɗa ƙararrawa. Shi ya ce in raba su gida huɗu, wasu langa, wasu tsere, tunda langa ba ta buƙatar ko sisi. Darasin ma ya dawo mana da shi safe.

Malamin PHE, Gwale

Na gode muku. Malam na Kumbotso, don Allah rubuto mini abubuwan nan da hedimastanku ke dubawa. Ranar Litinin zan kai wa shugabanmu, in roƙe shi ya zo fili ranar Laraba da safe, lokacin 'yan aji ɗaya.