Wai ɗaliban Amurka masu ra'ayin riƙau, yaƙi suke so ko ƙin sa suke yi?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san siyasar jami'o'in Amurka ya warware min wannan abu, don gaskiya ya ɗaure min kai. Mu dai abin da muka taso muka sani shi ne 'yan Republican su ne masu son yaƙi, su suka kai sojoji Iraƙi a 2003 zamanin Bush, to amma yanzu sai nake ganin bidiyoyin matasansu a jami'o'i suna cewa a daina tura kuɗi Yukren, a dawo da sojoji gida, wasu har ƙungiyar tsaro ta NATO ɗin ma suke zagi, kuma su ɗin dai su ne suka fi kowa jin haushin ɗaliban da suka kafa tantuna saboda Gaza a 2024. In har ba sa son yaƙi me ya haɗa su faɗa da masu zanga-zangar a tsayar da yaƙi? Wane ne ainihin ra'ayinsu?

Bazazzagi a Ohio:

Wa alaikumus salam Yaya Ɗan Fagge. Ni a nan nake karatu kuma da su muke aji ɗaya, abu na farko da zan gaya maka shi ne ba gida ɗaya ba ne, mutane ne da suka haɗa inuwa amma rigimar da ke tsakaninsu kan harkar ƙasashen waje wallahi wani lokaci ta fi wadda suke yi da 'yan Democrat zafi.

Akwai 'yan tsohon layi, magada tsohon shugaban ƙasa Reagan, waɗanda suka yarda dole Amurka ta riƙe ƙarfin soja a ko'ina ta kare ƙawayenta. Asalinsu a jami'a yana komawa ƙungiyar Young Americans for Freedom da aka kafa a 1960 a gidan marubucin nan mai ra'ayin riƙau William F. Buckley a jihar Connecticut, kuma lokacin yaƙin Biyetnam su ne ɗaliban da suke fitowa goyon bayan yaƙin yayin da sauran ke ƙona katin kiran aikin soja. Amma ko a lokacin ba su zauna lafiya da juna ba, a taronsu na St. Louis a 1969 ɓangaren da ke ƙin tilasta wa matasa shiga soja ya ɓalle. Daga wancan jinin ne aka samu magoya bayan tsohon ɗan majalisa Ron Paul, su suka kafa Young Americans for Liberty a 2008, su kam tun fil azal ba su yarda gwamnati ta karɓi harajin mutum ta je ta yi yaƙi a wata ƙasa ba.

Sai 'yan America First, wato Amurka farko, waɗanda a ganina su ne suka fi yawan surutu yanzu. Kuma taken ma ba sabo ba ne, ɗaliban koyon shari'a na jami'ar Yale ne suka fara kwamitin America First a 1940 don hana ƙasarsu shiga yaƙin duniya na biyu, ya watse bayan harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disambar 1941. Yaran yanzu kuwa an haife su ana yaƙin Iraƙi da Afganistan, da yawansu daga ƙananan garuruwa suka fito inda shiga soja ita ce hanyar samun kuɗin makaranta, sun ga yayyensu da kawunnansu sun dawo da rauni ko taɓin ƙwaƙwalwa, sama da sojoji 4,400 sun mutu a Iraƙi kaɗai kuma ba a ga makaman ƙare dangin da aka ce Saddam ya ɓoye ba, sannan a Agustan 2021 suka kalli Taliban ta koma Kabul bayan shekara 20. Don haka in ka ce musu a tura biliyoyi Yukren sai su ce maka su ko hayar ɗaki ta gagare su. JD Vance, mataimakin shugaban ƙasa, da ya yi aikin soja a Iraƙi irin wannan maganar yake yi. Ka duba ƙuri'ar majalisar wakilai ta Afrilun 2024 kan tallafin kusan dala biliyan 61 ga Yukren, mutum 112 suka ce a'a kuma dukkansu 'yan Republican ne, sun fi 'yan jam'iyyarsu da suka ce e yawa.

Maman Hanifa:

Ƙanina Bazazzagi ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni akwai abin da nake so kada mu ruɗi kanmu a kai. Ƙin yaƙin nasu ba don tausayin wanda bam ya faɗa wa ba ne. Lissafin aljihunsu da jinin 'ya'yansu suke yi, kuma ba na cewa haramun ne mutum ya fara da gidansa, amma daban yake da wanda ya fito saboda yaran Gaza. Wannan ita ce amsar tambayar Ɗan Fagge a wajena. Mai tanti a jami'ar Columbia yana cewa zalunci ake yi kuma da kuɗinmu ake yi, shi kuma mai ra'ayin riƙau yana ganin mai tantin a matsayin mutumin da ya tsani Amurka, ya tare hanyar aji, ya tsorata ɗalibai Yahudawa. Ku tuna hoton nan na jami'ar North Carolina a Chapel Hill ƙarshen Afrilun 2024, da wasu samari suka taru suka tallabe tutar Amurka kada ta taɓa ƙasa bayan masu zanga-zanga sun sauke ta sun ɗaga ta Falasɗinu, ai a dare ɗaya suka zama jarumai a wajen masu ra'ayin riƙau. Maganar tuta ce da kishin ƙasa a wajensu, Gaza ma ba ta shigo lissafin ba.

Kuma kada a manta da addini. Kiristoci 'yan Ibanjelika da yawa goyon bayan Isra'ila ibada ce a wurinsu, da shi aka raine su a coci, shi ya sa za ka ga yaro yana ihun a daina ba Yukren ko sisi amma bai taɓa tambayar dala biliyan 3.8 da ake ba Isra'ila duk shekara ba, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016 zamanin Obama.

Bazazzagi a Ohio:

Anti Maman Hanifa gaskiyarki a kan dalilinsu, amma maganar Isra'ila ta fara canjawa fiye da yadda ake zato daga nesa. Binciken jin ra'ayi na cibiyar Pew na 2025 ya nuna rabin 'yan Republican 'yan ƙasa da shekara 50 ba sa kallon Isra'ila da idon alheri, alhali a 2022 kashi 35 ne cikin 100. A tarukan Turning Point USA, ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin riƙau da Charlie Kirk ya kafa a 2012, shi da aka harbe a jami'ar Utah Valley a Satumbar 2025, ɗalibansu da kansu suke tashi su riƙe makirufo su tambayi manyansu don me ake cewa Amurka farko sannan a ware ƙasa ɗaya. Sai dai ni ba na murna da duk wanda ya yi wannan tambayar, don a cikinsu akwai masu tambaya da gaskiya, akwai kuma waɗanda ƙiyayyar Yahudawa ce tsagwaronta, kuma irin waɗannan na biyun in ka saurare su da kyau Musulmi da baƙar fata ma ba su tsira daga bakinsu ba.

Ba'agadashe:

Salamu alaikum, ni daga Nijar nake bibiyarku. Wannan mahawarar tasu mu a ƙofar gida ta same mu. Lokacin da aka kashe sojojin Amurka 4 a Tongo Tongo a Oktoban 2017, har sanata Lindsey Graham ya fito ya ce bai san suna da sojoji kusan dubu a Nijar ba, to in sanatan da a lokacin yake kwamitin harkokin soja bai sani ba ina ga ɗalibi. Sun gina sansanin jirage marasa matuƙi a nan Agadez, a 2024 suka tattara suka fice bayan gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar. Don haka ɗalibin da ke tambayar me sojojin ƙasarsa suke yi a ƙasashen da bai iya nunawa a taswira ba, ni ina ganin tambayarsa halal ce ko da ba don mu yake yi ba. Amma masu zagin NATO su ma a tuna musu cewa sashi na 5 na yarjejeniyar, wanda ya ce an taɓa ɗaya an taɓa duka, sau ɗaya tak aka yi aiki da shi kuma don Amurka aka yi, bayan harin 11 ga Satumban 2001, sojojin Ingila da Kanada da Denmark da sauransu suka je suka mutu a Afganistan.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura abu ɗaya, ba su ne kullum suke kukan an hana su magana a jami'a ba, ana korar baƙinsu daga ɗakin taro? To da aka fara kama ɗalibai 'yan ƙasashen waje me suka ce?

Maman Hanifa:

Nan ne fa abin ya fi min ciwo ɗan uwa. Shekara da shekaru suna cewa jami'a wurin faɗin ra'ayi ce ko da ya ɓata wa wani rai, kuma ni na yarda da su a kan wannan, bai dace a yi wa mai jawabi ihu har ya sauka ba don kawai ba ka son abin da zai faɗa. Amma a Maris ɗin 2025 da jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil na Columbia alhali yana da katin zama na dindindin, suka kuma tare Rümeysa Öztürk 'yar Turkiyya ɗalibar jami'ar Tufts a kan titi, wadda abin da aka danganta da ita shi ne sa hannu a wani rubutu a jaridar ɗalibai, da yawansu tafi suka yi, hujjarsu wai biza alfarma ce, baƙo ba ya zuwa gidan mutane ya tayar da hankali. Wasu daga cikinsu dai sun tsaya, musamman ɓangaren su Ron Paul, haka ƙungiyar kare 'yancin faɗin albarkacin baki ta FIRE wadda a baya ta sha kare ɗalibai masu ra'ayin riƙau ita ma ta fito ta ce wannan take haƙƙin magana ne. Wanda ya fasa ƙofa ya mamaye gini kamar yadda aka yi a ginin Hamilton Hall na jami'ar Columbia a hukunta shi bisa abin da ya yi, ba ni da ja. Rubutu a jarida kuma fa? Ga 'ya'yanmu da ƙannenmu can da bizar karatu, yanzu ko shafinsu na sada zumunta sai ofishin jakadanci ya duba kafin a buga musu, yaro yana tsoron ya rubuta addu'a ga mutanen Gaza kada ya rasa karatun da iyayensa suka sayar da fili suka biya.