Waɗanda suka koma motsa jiki bayan shekara 40, yaya kuka fara?

Baban Ummi, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Makon jiya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya rubuta magani, ya ce kuma in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum. Shekarata 46, rabona da ƙwallo tun ina saurayi. Abin ya tsorata ni, domin hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu. Don Allah waɗanda suka bi wannan hanya, yaya kuka fara?

Malam Sabo, Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Raba shi biyar, minti 30 ke nan a rana. Ni da tafiyar ƙafa na fara, in an idar da sallar asuba sai in miƙe titin Bauchi in dawo. Sanyin Jos ne kawai zai so ya mai da kai ɗaki, musamman a Disamba da Janairu, amma da rigar sanyi da hula, kafin minti goma jiki ya ɗau zafi. Sai da na yi wata uku a haka kafin na taɓa ƙwallo. Yanzu muna da tawagar magidanta, duk safiyar Lahadi muke bugawa, ba keta, ba gaggawa. Barcina ya daidaita, ciwon bayan da zaman ɗinki ya jawo mini ya lafa. Sai dai ka riƙe wannan: ban daina shan magani ba, kai ma kada wani ya sa ka daina.

Maman Sadiq, Rikkos:
Baban Ummi, ka ja uwargida ku fita tare. Mu mata mu aka fi bari a baya, ana cewa ai aikin gida ya ishe mu. Bayan haihuwata ta huɗu aka ce sugana ya fara hawa. Mu uku muka fara zagaya unguwa da hijabanmu, ana ta kallonmu. Yau mun haura goma, har da wata baba mai jikoki, kuma mazan da suka hana da farko wasunsu su ke rako matansu.

Alhaji Ɗanlami, Nasarawa:
Ya ku 'ya'yana, garin nan garin wasa ne tun asali. Ina yaro ƙungiyar ƙwallonmu ta Jos, Mighty Jets, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1972, kuma Allah ya nuna mini Plateau United ta ɗauka a 2017. Abin da ke damuna, a da duk wanda ya dawo daga kallo shi ma bugawa yake a ƙofar gidansu, ga langa, ga kokawa. Yanzu gidajen kallo cike suke da masoya ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya, mutum ya san sunan kowane ɗan wasa amma bai taɓa yin gumi ba.

Koci Habu, Bukuru:
Gaskiya ne Baba, amma a ina za su buga? Filin da na koyi ƙwallo shaguna ne a yau. Ahmed Musa da Mikel Obi a turɓayar garin nan suka tashi, ba a kan ciyawa ba, amma dai fili suka samu. Ina da yara kusan 40 a filin wata firamare, sai an tashi daga makaranta muke shiga. Abin da ya fi faranta mini rai, bayan rikicin 2008 akwai unguwannin da yaranmu ba sa takawa, amma ƙwallo ta sa yanzu muna zuwa can wasa, su ma suna zuwa nan. Baban Ummi, ka nemi takalmi mai laushi ko na gwanjo ne, kuma in ka ji jiri ko ƙirji ya riƙe, ka tsaya nan take ka koma wurin likita.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa uwargida magana, ta ce gobe bayan asuba za mu fara. Malam Sabo, a wane fili kuke haɗuwa ranar Lahadi? Ina so in zo in gani da idona.