Gmail ɗina ya cika, na goge saƙonni amma wuri bai samu ba

Assalamu alaikum. Akwatin Gmail ɗina ya cika maƙil, gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta sun ƙare. Ba na iya tura saƙo, masu turo mini takardun oda kuma sun ce saƙonsu komawa yake yi. Ga shi duk harkar kasuwata a wannan adireshin take.

Na shiga ta kwamfuta na rubuta larger:10M a wurin bincike, saƙonni masu nauyi suka fito na goge su. Na share na talla da na Spam, na kuma zubar da kwandon shara da hannuna, tunda in an bar shi sai bayan kwana 30 yake share kansa. Drive da Photos, wato wuraren ajiye fayiloli da hotuna na Google, su ma daga gigabait 15 ɗin suke ci, don haka na kwashe bidiyoyin biki na mayar kan filas, sannan na goge su can.

Duk da haka wurin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Da na duba shafin ma'ajiya, Gmail kansa ko gigabait 2 bai ci ba. WhatsApp nake zargi yanzu, don tun 2024 ajiyar hirarrakinsa a wayoyin Android take shiga cikin wannan lissafin, ni kuwa guruf-guruf ɗina bidiyo ake zubawa ba dare ba rana.

Don Allah, idan na goge ajiyar WhatsApp ɗin daga Drive, hirarrakin da ke kan wayata za su ɓace ne?