Dictyostelium ya ƙi gamawa cikin awa 24: gado ne ko yanayi?

Ɗalibar bincike: Assalamu alaikum malamaina. Amibar Dictyostelium discoideum, ƙaramar halitta mai ƙwayar rai ɗaya, da zarar abinci ya yanke mata, cikin awa 24 take taruwa ta tsayar da kara da ƙunshin iri a samansa. Idan layin (wato zuriyar amibar) da aka cire wa ƙwayar gado ɗaya ya kai awa 30, yaushe za a ce gadon ne sanadi?

Mai kula da ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki yi saurin ɗora wa gado. Zafi ya tsaya a digiri 22. Ki kwashe amibobin suna ganiyar rabuwa, kamar miliyan 2 a kowace mililita ta HL5, ruwan abincin da ake renon su a ciki. In suka haura miliyan 4, sun fara jin cunkoso, agogon ya riga ya motsa. Ki wanke su da KK2, ruwan gishiri marar abinci, sau biyu ko uku, don ɗan ragowar abinci kaɗai kan jinkirta taruwa. Kuma layin asali da ba a cire wa komai ba, AX2 ne ko AX4, ya kasance a gefe, rana ɗaya, yawa ɗaya.

Malamin ilimin gado: Gaskiyar Malam. Sannan ki lura da matakin da aka makara. Wajen awa 6 zuwa 8 ya kamata ki ga jerin gwano suna kwarara tsakiya, suna bin cAMP, sinadarin kiran juna da ake fitarwa kusan kowane minti 6. Layin da ba shi da acaA, ƙwayar gadon da ke sa a samar da wannan cAMP, ba ya taruwa sam. Wanda aka cire wa ƙwayar gado regA ko rdeA kuwa gaggawa yake, domin cAMP na cikinsa ba ya rushewa da wuri, PKA, furotin da cAMP ke kunnawa, ta yi ta aiki, iri ya nuna tun kara bai daidaita ba.

Mai bincike kan matakin tsutsa: Inda aka fi ruɗewa shi ne bayan awa 14, lokacin da tarin amibobin ya zama kamar tsutsa mai rarrafe. Amoniya ta taru a faranti, ko haske ya zo ta gefe ɗaya, tsutsar sai ta yi ta tafiya ta ƙi tsayawa. Hasken sama ne ke sa ta miƙe.

Mai kula da ɗakin gwaji:   Batun daɗewa kuma, layin da ya wuce wata guda ana juya shi a ruwan abinci kan sauya hali, gara a koma ajiyar daskarewa a farfaɗo da sabo kafin a auna lokaci.