Salula ta taɓa tona inda kake? Ƴan Maraɗi, kowa ya kawo nasa

Mai shagon atamfa, Babbar Kasuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son mu ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa samu, ba ji-ta-ji-ta ba. Ga nawa. Wani ya kira ni, wai mai sari ne daga Damagaram, ya ce in ɗauko masa hoton kayan da ke sitona na gida, kuma in turo ta WhatsApp a matsayin dokima, wato fayil, don kala ta fito sosai. Na tura. Washegari sai ga shi yana kwatanta mini layinmu a Ali Ɗan Sofo, har da masallacin da ke kan kwana, alhali ban taɓa yi masa kwatance ba. Da na ce ina ya sani, ya kashe waya. Lambar ba ta sake shiga ba. Mai gadi nake biya yanzu.

Mai gyaran salula:
Allah ya tsare gaba, Alhaji. Hoton ne ya kai shi. Idan an ba kyamara izinin sanin wuri, duk hoton da ka ɗauka tana rubuta ainihin inda ka tsaya a cikinsa, da rana da lokaci da samfurin wayar. Ido ba ya gani, amma wanda ya iya buɗe bayanan hoton zai ɗora su a taswira cikin minti ɗaya. In ka tura a matsayin hoto, WhatsApp kan matse shi ya goge waɗannan bayanai. A dokima kuwa yadda yake haka yake tafiya. Shiga saitin kyamara ka kashe wurin da ake liƙa wa hoto lokalizasiyo, wato bayanin inda kake, shi ke nan.

Direba, hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa:
Mu namu da hannunmu muke rabawa. Muna da guruf na direbobi, duk wanda ya tashi daga tasha sai ya saki lokalizasiyo mai tafiya ta WhatsApp, wadda ke nuna inda yake kai tsaye, ya zaɓi ta awa 8, don in mota ta lalace a san inda za a same shi. Niyya mai kyau. Rannan muka zauna muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu da babu wanda ya san masu su. Wani ya sayar da wayarsa da komai a ciki, wani yaron mota ne ya saka abokinsa. Kun dai san halin rashin tsaro da ake ciki wajen Madarumfa da Gabi. Mutum ɗauke da kuɗin Alhazai, ga wanda ba ka sani ba yana kallon ɗigonka yana tafiya a taswira! Mun rushe guruf ɗin. Yanzu mutum ɗaya nake turawa, ƙanena, ta minti 15, in ta ƙare in sabunta.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli, unguwar Zariya (ɗiyata ke rubuta mini):
Ni abin dariya ne da haushi. Ɗan mijina ya kawo mini waya, shi ya haɗa komai da adireshinsa na Google. Na je biki Tibiri ban faɗa wa kowa ba, ina dawowa ya ce, “Inna, ya mutanen Tibiri?” Na ɗauka wani ya gan ni a mota. Ashe daga wayarsa yake ganin tawa. Wai har saƙo kan fito a fuskar wayar duk lokacin da ya duba, amma da Faransanci, ni kuwa sai in share da yatsa.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:
Inna, ba ke kaɗai ba, har sojojin Amurka abin ya ci. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava tana nuna zanen sansanonin soja, har a yankin Sahel, saboda sojoji suna gudun safe da waya ko agogo mai GPS. Tun 2013 ma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kama masu wata manhajar tocila suna miƙa wa masu talla bayanin inda mutane suke. Tocila fa. Me ya haɗa haske da sanin gidanka?

Tela, Sabon Gari:
To ni zargi nake wayar tana sauraronmu. Muka yi hirar keken ɗinki a shago, da dare sai tallarsa a Facebook.

Mai gyaran salula:
Maigida, wannan ba zan rantse maka ba. Sau da yawa abin da kai ko abokin hirarka kuka nema a intanet ne ke jawo talla. Amma akwai abin dubawa: daga Android 12, wadda ta fito a 2021, duk lokacin da manhaja ta buɗe makirfo ko kyamara, ɗan koren ɗigo kan bayyana a sama. In ka gan shi ba kira kake ba, ba ɗaukar murya kake ba, ja allon daga sama zuwa ƙasa ka taɓa shi, zai faɗa maka wace ce.

Abin da ya fi damuna shi ne Bluetooth da ake bari a kunne dare da rana saboda ƴar sifika. A 2017 an gano wata ɓaraka, BlueBorne, da ke ba na kusa da kai damar shiga waya ba tare da ka taɓa komai ba. An toshe ta, amma tsofaffin wayoyin da ba su samu sabuntawa ba suna nan da ita, kuma irinsu na hannu ke zuwa teburina kullum. In ka gama ji, kashe.

Dattijo, Bagalam:
Shi ya sa na riƙe ƴar ƙaramata mai maɓalli. Ba hoto, ba taswira.

Ɗalibi:
Baba, ka rage da yawa, amma ko ita kamfanin layi ya san eriyar da take kamawa. Bambancin shi ne wannan yana hannun kamfani, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumarta, HAPDP. Wanda ka tura da yatsanka kuwa ya fita.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli:
Malam mai gyara, to yaya zan raba wayar da yaron nan ban rasa lambobin masu sayen ƙulina ba?

Mai gyaran salula:
Kada ki bari kowa ya wanke wayar, wato ya goge komai na cikinta, tukuna, Hajiya. In aka wanke da adireshinsa a ciki, za ta kulle ta nemi lambar sirrinsa. Ɗiyarki ta fara fitar da lambobin ta adana su a wayar, ta buɗe miki adireshi naki na kanki ta zuba su ciki, sannan a cire nasa daga saiti. Lambar sirrin kuma a rubuta a takarda ki ajiye da kanki.