Zagayen cin abinci da ƙafa a Hoi An: me Musulmi zai iya ci?

Baƙon Da Nang:
Assalamu alaikum. Wata mai zuwa aiki zai kai ni Da Nang a ƙasar Vietnam, kuma ina so in ware yini guda in je Hoi An, tsohon garin tashar jiragen ruwa da ke kimanin kilomita 30 kudu da can. An ce mini tsohon garin ƙarami ne, mutum kan zagaya shi da ƙafa yana ɗanɗana abincin kasuwa da na bakin titi. Damuwata ita ce naman alade. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara.

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya, domin abincin da garin ya fi shahara da shi, wato cao lau, da naman alade ake yin sa. Taliyar shinkafa ce mai kauri, wadda bisa al'ada ake kwaɓa ta da ruwan tsohuwar rijiyar Ba Le da ruwan tokar itacen tsibirin Cu Lao Cham, kamar yadda matanmu ke tace ruwan toka, shi ya sa take da danƙo da launin ƙasa-ƙasa. Kada ka ce a cire maka naman kawai, saboda romon da ake zubawa ma daga gare shi ya fito. Haka banh mi, burodin da suka gada daga Faransawa, yawanci ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade tun kafin a sa komai. Ko com ga, shinkafa da kaza mai launin kurkum, akwai batun yanka. Kalmar alade a wurinsu ita ce heo, ka riƙe ta.

Hajiya Mai Karatu:
Ɗan'uwa, kalmar da ta fi yi mini amfani ita ce chay, wato abincin da babu nama a ciki. Mabiya addinin Buddha da yawa a can ba sa cin nama ranar 1 da 15 ga watan gargajiyarsu, don haka gidajen abincin chay suna nan, kuma a ɗaya daga cikinsu na ci cao lau da aka yi da awara da naman kaza na tsiro. Ganyen da ake cika kwanon da shi daga ƙauyen Tra Que yake zuwa, kusan kilomita 3 daga gari, inda ake takin lambu da ciyawar ruwa, kuma ƙamshinsa kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Mazaunin Asiya:
Ina tare da Hajiya, sai dai ba na so Malam ya je garin da ke bakin kogin Thu Bon ya dawo bai ci abin ruwa ba, alhali a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne. Ka fara da babbar kasuwa da sassafe, lokacin da ake sauke kifi, sannan ka bi titunan tsofaffin gidajen fataken Sin har zuwa rufaffiyar gadar Japanawa, wadda hotonta ke jikin takardar kuɗinsu ta dong 20,000. Wannan gari ya yi tashe tun daga ƙarni na 15 zuwa na 19, kafin yashi ya cike bakin kogin kasuwanci ya koma Da Nang, kuma a 1999 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Da rana ka haye wata gada zuwa tsibirin Cam Nam ka nemi kifi gasasshe cikin ganyen ayaba da che bap, kunun masara mai zaƙi. Ka tambaya ko da kitsen alade aka soya duk abin da ya shiga kasko. Idan tafiyarka ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba, ka duba yanayi tukuna, domin kogin yakan cika ya shiga titunan kasuwa.

Baƙon Da Nang:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta heo da chay a takarda in riƙe a aljihu, kuma da kasuwar kifin zan fara in sha Allah.