Da gaske August Wilson bai gama sakandare ba?

Malamin Adabi, Gwaram:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo, kuma muna karanta wasan kwaikwayon Fences na August Wilson. Kwafi ɗaya gare mu, nawa, bangonsa ma ya rabu, sai in karanta su bi ni da kunne. Jiya wani yaro ya ɗaga hannu, wai ya ji marubucin ko sakandare bai gama ba. Na ce ya zauna tukuna. Gaskiya ne? In haka ne, yaya zan faɗa musu ban ba su hujjar gudu ba? Dama da ruwa ya sauka rabin ajin ba na ƙara ganinsu sai an gama maimai.

Tsohon Hedimasta, Birnin Kudu:
Wa'alaikumus salam, Malam. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ji. An haifi Wilson a 1945 a Hill District, unguwar talakawa a birnin Pittsburgh na Amurka. Ubansa Bajamushe ne mai gashin burodi, wanda bai cika zama a gidan ba. Uwarsa Daisy Wilson, baƙar fata mai aikatau, ita ta riƙe su. Sunansa na yanka Frederick August Kittel. Da uban ya rasu a 1965 sai ya koma amsa sunan gidan uwarsa.

Yana ɗan shekara 15 ya yi rubutu mai shafi 20 a kan Napoleon, tsohon sarkin Faransa. Malaminsa ya ƙi yarda cewa shi ya rubuta. Ya fice bai koma ba. To ina ya nufa? Laburaren Carnegie. Kullum ya fita da safe kamar mai tafiya makaranta, don kada uwar ta gane, ya wuni yana karatu. Ka fara musu da wannan, sannan ka tambaye su wa ya taɓa karance littafi guda da kansa ba don jarrabawa ba.

Daga baya ya rubuta wasanni 10, kowanne na tsaye a kan shekaru goma na ƙarni na 20, yana nuna rayuwar baƙaƙen Amurka. Tara daga ciki a Pittsburgh suke. Ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta rubutu a Amurka, a 1987 da Fences, ya sake ci a 1990 da The Piano Lesson. Ciwon dajin hanta ne ajalinsa a 2005, yana da shekara 60.

Ɗan Kazaure mai rubutun fim:
Baba Hedimasta ya gama magana. Ni abin da ya ɗaure min kai taurin kansa ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Paramount ya sayi damar mayar da Fences fim, Wilson ya rubuta labarin, amma ya kafe sai darakta baƙar fata, don yana ganin wanda bai tashi cikin al'adar ba ba zai iya ba. Aiki ya tsaya cak har Wilson ya mutu. Sai 2016 Denzel Washington ya ba da umarni, ya kuma fito a Troy, maigidan da labarin yake kansa, Viola Davis ta ci Oscar, babbar kyautar fina-finai, da rawar Rose, matar Troy. Mu nan furodusa na cewa a sauya ƙarshen labari, kafin ya rufe baki mun sauya.

Kuma Malam, maganar 'yan wasansa daga bakin mutane ya kwaso ta. Zama yake a shagon aski da gidajen abinci yana sauraren dattawa, kamar yadda za ka zauna a teburin mai shayi, yana rubutawa a 'yar takardar goge hannu.

Maman Ikram, Ringim:
Duk kun tsaya kan mazan. Taurin kan nan a nono ya sha. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa uwarsa ta taɓa cin gasar gidan rediyo, kyautar sabon injin wanki. Da suka gane baƙa ce sai suka ce ta je ta karɓi na hannu. Ta ƙi, ta ci gaba da wanki da hannu da 'ya'ya cike da ɗaki. Ni da na karantar da littafin, 'yan matan ajina ba ruwansu da Troy da ƙwallonsa na besbol. Inda Rose ta karɓi jaririyar da ya haifa a waje, bayan shekara 18 da aure, nan aji ya kaure da gardama har aka kaɗa ƙararrawa.

Malamin Adabi, Gwaram:
Allah ya saka da alheri. Malama, nawa 'yan matan shiru suke yi, amma zan gwada su da wurin nan. Matsalata yanzu wasan besbol ne, ni kaina ban taɓa ganin ana buga shi ba. Na dai gaya musu sai 1947 Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar babbar gasar, lokacin Troy ya riga ya tsufa, shi ya sa ya hana ɗansa Cory buga ƙwallo. Ɗan Kazaure, a ina zan samu fim ɗin? Akwai mai cajin waya a bakin kasuwa da zai ara mana talabijin ranar Asabar.